Yadda ake ƙara kafar AUX a rediyon da ya zo da mota

Akasarin motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 2000 sun fito daga masana'anta ne da rediyo mai cin kaset ko faifan CD, ba tare da wata kafa da za a jona wayar salula ko na'urar MP3 ba.

Irin waɗannan motoci har yanzu suna da yawa a titunan Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai, kasancewar yawancin motocin da ake hawa a yankin na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam.

To sai dai kaset ya riga ya yi ƙaura. Tafsirin da a da ake saye a bakin masallaci, da ƙira'a, da waƙoƙin su Mamman Shata, duk sun koma cikin salula. Wannan ne ya sa masu motoci da dama ke neman hanyar da sautin salula zai fito ta lasifikokin mota, ba tare da an cire rediyon asali an yar ba.

Akwai hanyoyi da dama na yin hakan, kuma ba ɗaya suke ba wajen tsada da ingancin sauti da kuma hatsarin ɓata rediyon. Abin da ke nuna wadda ta dace da kowace mota shi ne soket-soket ɗin da kamfani ya bari a bayan rediyon, inda ido ba ya gani sai an zaro shi. Mutane da yawa kan sayi na'ura tukuna kafin su duba wurin, kuma a nan ne ake asarar kuɗi.

Mece ce AUX?

AUX taƙaitawa ce ta wata kalmar Ingilishi mai nufin abin da aka ƙara don taimako. A rediyon mota, kafa ce da ke karɓar sauti daga wata na'ura ta waje, ta miƙa shi ga amfilifaya, wato sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika.

Kafar da aka fi sani ita ce zagayayya mai faɗin milimita 3.5, irin wadda ake sa iyafis. Ƙanwa ce ga babbar kafa mai milimita 6.35 da ma'aikatan haɗa layukan tarho ke amfani da ita tun ƙarni na 19. Ƙaramar ta bazu a duniya ne tare da ƙananan rediyoyin hannu, sannan da na'urar Walkman da kamfanin Sony ya fitar a 1979.

Bakin kebul ɗin ƙarfe ne da aka raba gida uku da baƙaƙen zobba biyu. Tsinin yana ɗaukar sautin hagu, na tsakiya yana ɗaukar na dama, na gindi kuma shi ne wayar ƙasa da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kanta.

Akwai kuma mai gida huɗu, wanda aka ƙara wa layin makirfo. A nan kamfanoni sun rabu biyu: tsarin da tsofaffin wayoyin Nokia suka bi ya saɓa wa wanda Apple da akasarin wayoyin baya-bayan nan suka bi, domin an musanya gurbin makirfo da na wayar ƙasa. Saboda haka kebul mai gida uku ya fi dacewa da mota, tunda babu ruwansa da wannan saɓani.

Masu ƙera motoci sun yi jinkirin sa wannan kafa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, faifan CD ya shiga kasuwa a 1982, kuma shekaru da dama waɗannan biyu sun wadatar. Fitowar iPod a 2001 ce ta sauya lissafi, amma sai da aka ɗauki wasu shekaru kafin kafar ta zama ruwan dare. Toyota Camry ta kasuwar Amurka, alal misali, ta samu kafar a samfurin 2007, Honda Accord kuma a na 2008. Waɗanda suka gabace su, waɗanda su ne suka cika kasuwannin motoci na Najeriya shekara da shekaru, galibi ba su da ita.

Kaset ɗin da babu zare

Idan rediyon yana da gidan kaset mai aiki, hanya mafi sauƙi ita ce adaftar kaset. Kamanninta na kaset ne sak, amma babu zare a ciki, sai kebul da ya fito daga gefe wanda ake jonawa da salula.

Wani injiniya ɗan Amurka, Larry Schotz, ya samu rajistar mallakar wannan fasaha a 1988, kuma an yi ta ne da farko domin masu ƙananan na'urorin CD na hannu.

Yadda take aiki abin sha'awa ne. Rediyo yana karanta kaset ne ta wani ƙaramin kai da ke jin maganaɗisun da ke jikin zare yayin da zaren ke wucewa. Adaftar tana da nata kan, wanda ke mayar da sautin salula zuwa maganaɗisu, ya kuma manne da kan rediyon. Shi rediyon bai san cewa babu zare ba. Haƙoran roba da ke cikin adaftar suna juyawa domin kada ya ɗauka kaset ya ƙare ya tofo shi.

Sautinta yakan fi na kaset na gaske tsabta, tunda babu shuuu ɗin da zare ke yi, babu kuma jan murya. Idan rediyon yana da maɓallin Dolby, sai a kashe shi, domin yana dusashe sautin adaftar.

Matsalar ita ce gidan kaset ɗin kansa. A motar da ta haura shekara 20, bel ɗin roba da ke juya shi yakan saki ko ya narke saboda zafi, ƙurar hunturu kuma takan toshe kan. Goge kan da auduga da ɗan sifirit yana gyara da yawa. Rediyo mai juya kaset da kansa kuma wani lokaci yakan yi ta sauya fuska ba tsayawa idan haƙoran adaftar sun yi tauri. Haka nan siririn kebul ɗin da ke fitowa daga bakin rediyon shi ne ke fara tsinkewa.

Kamfanoni sun daina sa gidan kaset tun tuni. A Amurka, motar ƙarshe da ta fito da shi daga masana'anta ita ce Lexus SC 430 samfurin 2010.

Ƙaramar tashar FM a cikin mota

Wannan ce hanyar da ta fi yaɗuwa, domin tana aiki da kowace mota mai rediyon FM, kuma ba ta buƙatar kwance komai. Ana cusa na'urar a ramin kunna sigari, a zaɓi wani zango da babu tasha a kansa, a kamo shi a rediyo. Na'urar tasha ce ƙarama da ke watsa sautin salula zuwa eriyar motar.

Da gangan aka rage mata ƙarfi, don kada ta shiga rediyon maƙwabta. A Birtaniya ma haramun ne amfani da ita har zuwa watan Disamban 2006, lokacin da aka halatta masu ƙarfin da bai wuce nanowat 50 ba, wato ɗan mitsitsin kaso na wat guda. Tasha ta gaske kuwa tana watsa shirye-shirye da dubban wat.

Wannan bambanci shi ne tushen duk koke-koken da ake yi a kanta. A cikin gari mai tashoshi da yawa kamar Kano, inda Freedom ke kan 99.5, Pyramid ke kan 103.5, ga wasu da dama a tsakaninsu da gefensu, samun zangon da yake fayau yana da wuya. Zangon da yake shiru a Kano kuma yana iya cin karo da wata tasha idan an kusa Zariya ko Kaduna, sai direba ya shiga lalube alhali yana tuƙi.

Akwai kuma wani abu da ke rikita masu motocin Amurka. Rediyon da aka yi wa kasuwar Amurka yana tsalle ne daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, ba ya tsayawa a kan lambar da ta ƙare da sifili ko 2 ko 4 ko 6 ko 8. Wanda ya saita na'urarsa a kan 88.0 ba zai taɓa kamo ta da kyau a irin wannan rediyo ba, kuma ba laifin na'urar ba ne.

Ko da an samu zango mai kyau, FM yana da iyaka. Yana yanke sautin da ya haura kilohaz 15, alhali faifan CD yana kaiwa 20. Ga mai sauraron wa'azi ko labarai wannan ba wani abu ba ne, domin muryar mutum ba ta dogara da can sama ba. Mai sauraron kiɗa ne zai ji cewa wani abu ya ragu.

Akwai wata 'yar'uwarta da ta fi ta nesa ba kusa ba, amma ba a san ta sosai ba. Ita wannan ana ɗaura ta ne a bayan rediyo, tsakanin wayar eriya da ramin eriyar. Idan aka kunna ta sai ta katse eriyar motar, ta zuba nata sautin kai tsaye ta cikin waya, don haka tashoshin gari ba sa samun hanyar kutsowa. Iyakar kilohaz 15 tana nan, amma shiga-sharo-ba-shanun tashoshi ya kau. Tana buƙatar a ba ta wuta daga layin da ke zuwa idan an murɗa makulli, sannan a tabbatar bakin wayar eriyarta ya dace da na motar, domin na motocin Turai da yawa ya bambanta da na Japan da Amurka.

Ga motar da ba ta da gidan kaset kuma ba ta da wani soket a baya, wannan ce hanya mafi kyau da ta rage kafin a kai ga buɗe cikin rediyo.

Soket ɗin da ke ɓoye a baya

A shekarun 1990 zuwa farkon 2000, abin alfahari a mota shi ne akwatin sauya faifai, wanda ke ɗaukar CD shida ko fiye, ana ajiye shi a but ko ƙarƙashin kujera. Ba kowane mai saye ne ke biyan kuɗinsa ba, amma kamfanoni sukan sa soket ɗinsa a bayan rediyo ko da ba a sayi akwatin ba. Alamarsa a gaba ita ce maɓalli mai rubutun CDC ko DISC ko CHG, ko kuma maɓallin CD a rediyon da ba shi da bakin sa faifai.

Wannan soket yana ɗauke da layukan sauti na hagu da dama da ke shiga amfilifaya kai tsaye, wato ainihin abin da kafar AUX ke yi. Shi ya sa sautin da ya bi ta nan ba shi da bambanci da na kafar da kamfani ya sa da kansa.

Sai dai ba a iya liƙa waya kawai a ji sauti. Rediyon ba ya buɗe wannan ƙofa sai ya yi magana da akwatin faifan, ya ji ya amsa. Kuma kowane kamfani da yarensa: Toyota tana amfani da tsarin AVC-LAN, BMW tana da I-Bus, Alpine tana da M-Bus da Ai-NET, Sony tana da UniLink, Pioneer kuma IP-Bus. Na wannan ba ya jin na wancan.

Abin da ake sayarwa don haka shi ne ƙaramin akwati da ke kwaikwayon mai sauya faifai. Idan rediyo ya yi kira, sai ya amsa da yaren da ya dace cewa ga shi nan, da faifai a ciki. Allon rediyon zai nuna faifai na 1, waƙa ta 1, alhali abin da ke fitowa daga salula yake. Kamfanoni irin su Yatour da GROM da Dension da Connects2 suna yin irin waɗannan akwatuna, wasu da kafar AUX kaɗai, wasu har da USB da katin ajiya da Bluetooth. A masu USB, maɓallan gaba da baya na rediyo da na jikin sitiyari sukan ci gaba da aiki. Ta kafar AUX kuwa sauti kawai ke wucewa, don haka sauya waƙa sai a jikin salula.

A nan ne ake buƙatar natsuwa wajen saye. Sanin sunan mota da shekararta bai isa ba. Toyota kaɗai tana da soket iri biyu da suka shahara, dukansu masu tsinke 12: tsohon an jera shi 5 a sama 7 a ƙasa, na baya kuma 6 da 6. Volkswagen da Audi suna da mai tsinke 8 a tsofaffin rediyoyi da mai 12 a waɗanda suka biyo baya. Mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya fitowa da rediyon kamfanoni daban-daban dangane da ƙasar da aka sayar da ita. Ƙari a kan haka, motar hannu tana iya zuwa da rediyon da ba nata ba ne tun asali. Abin da ya fi shi ne a zaro rediyon, a ɗauki hoton bayansa da takardar da ke manne a jikinsa, sannan a nufi kasuwa.

A motocin da aka shigo da su daga Amurka akwai wata garaɓasa. Bayan da kamfanonin XM da Sirius suka fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam a 2001 da 2002, rediyoyi da yawa sun zo da maɓallin SAT ko XM da soket ɗinsa. Waɗannan shirye-shirye ba sa isowa Afirka, saboda haka soket ɗin zaman banza yake yi, kuma akwai adaftocin da ke amfani da shi.

Idan kuwa motar tana da akwatin faifai na gaske a but, galibi sai an cire shi daga layin, domin rediyon ba ya sauraron biyu a lokaci guda.

Wasu rediyoyin ma suna da AUX ɗin a ciki, an dai rufe ta ne. Misali shi ne RD4 da ke cikin motocin Peugeot da Citroën da dama daga tsakiyar shekarun 2000, ciki har da 407 da 307 na baya-baya. Tsinkayen sautin suna nan a babban soket na baya, amma a yawancinsu sai an jona motar da kwamfutar bincike an kunna kafar kafin ta bayyana a allo. Wanda bai san haka ba zai sa kebul mai kyau, ya ji shiru, ya ɗauka jabu aka sayar masa.

Akwai rukunin da wannan hanya ke yi wa tsada. Wasu motocin Mercedes daga ƙarshen shekarun 1990, da BMW da Audi da Volvo na shekarun 2000, suna aika sauti ne ta zaren da ke ɗaukar haske maimakon wayar tagulla. Tsarin farko sunansa D2B, wanda ya gaje shi kuma MOST, wanda ya fara fitowa a BMW samfurin 7 a 2001. Na'urorin da ke kan wannan tsari a jere suke kamar zobe, ta yadda idan aka cire guda ba a cike gurbinta ba, sautin motar gaba ɗaya yana iya ɗaukewa. Adaftocinsu na musamman ne, kuma zaren ba ya jure lanƙwasa mai tsanani.

Buɗe cikin rediyo

Masu gyaran rediyo suna da tasu dabarar ga rediyon da ba shi da kowane soket. Sukan buɗe shi, su gano layukan da ke ɗauko sauti daga sashen CD ko na kaset zuwa amfilifaya, su liƙa wayoyi uku da dalma, su fito da su zuwa wata kafa da suka huda wa gurbi a gaban mota.

Idan aka yi aikin da kyau, sautin yana da tsabta kuma kayan aikin ba su da tsada. Gwanaye sukan yi amfani da kafa mai makunni a ciki, wadda ke katse sautin asali da zarar an cusa kebul, su kuma sa ƙananan kafasito a kan layin don kare salula da rediyon daga wutar da ba ta dace ba.

Idan ta sashen CD aka bi, rediyon ba zai buɗe layin ba sai faifai yana juyawa. Maganin haka shi ne a buga faifan da babu komai a cikinsa sai shiru na tsawon minti 74 ko 80, a bar shi a ciki. Idan ta sashen kaset ne, dole a shiga bayan ƙaramar amfilifayar da ke bin kan kaset, domin sautin da ke fitowa daga kan yana da rauni ƙwarai, ƙarfin na salula zai cika shi ya fashe.

Wannan aiki ba na koyo ba ne. Layukan allon sirara ne, kuma ɗigon dalma ɗaya a inda bai dace ba ya isa ya kashe rediyon. A mota irin Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake yi wa samfuranta na farko-farko laƙabi da EOD a Najeriya, maɓallan na'urar sanyaya mota suna haɗe da rediyon a fuska ɗaya, don haka ɓarnar ba ta tsaya ga kiɗa kaɗai ba. Ita wannan mota ma tana da soket a bayan rediyonta, saboda haka babu dalilin kai ta ga dalma.

Kafin a kwance komai

Abu na farko shi ne lambar sirri. Rediyoyin Honda da Volkswagen da Ford da Mercedes da wasu da dama na wancan zamani suna kulle kansu idan wuta ta yanke musu, ko ta hanyar cire kan batir ko ta zare soket ɗin wuta na baya. An yi haka ne don hana sata. Ba sa sake aiki sai an shigar da lamba mai alƙaluma huɗu ko biyar.

Motar hannu sau da yawa takan zo ba tare da katin lambar ba. Ya kamata a duba littafin mota da cikin akwatin gaban fasinja, inda wasu ke manna ta. Idan ba a samu ba, dillalan kamfanin suna iya fitar da ita daga lambar da ke jikin rediyon. Cankar lamba ba dabara ba ce, domin bayan an yi kuskure sau da dama rediyon yakan ƙi karɓar komai, wasu sai an bar su a kunne na kimanin sa'a guda.

Bayan an tabbatar da lambar ne ake cire kan batir na ƙasa. Robobin gaban mota ana ɓamɓare su ne da abin roba, ba da sukundireba ba, musamman tunda rana ta riga ta gasa su sun yi gautsi. Rediyoyin Turai da yawa kuma ba su da noti a gaba, ana zaro su ne da wasu siraran ƙarafa da ake cusawa a ramukan gefe.

Duk soket ko waya mai launin rawaya mai kauri da aka gani an naɗe daban a bayan allon gaban mota, a bar ta. Yawanci ta jakar iska ce mai kare mutum a lokacin hatsari.

Game da launin wayoyi, rediyon kasuwa yana bin al'ada guda: rawaya wutar batir ce ta kullum, ja wutar makulli, baƙa kuma ta ƙasa. Wayoyin da suka zo da mota ba sa bin wannan al'ada, kowane kamfani da nasa launi. Ko a soket ɗin bai-ɗaya na ISO, Volkswagen ta musanya gurbin wutar kullum da ta makulli a motocinta da dama. Don haka ana gane waya ne da na'urar awon lantarki, ba da ido ba.

Kwan gwaji da masu gyaran wayarin, wato rewaya, suka saba amfani da shi yana da hatsari a motocin da aka ƙera daga shekarun 2000, domin wasu wayoyin bayan rediyo saƙonni suke ɗauka tsakanin kwamfutocin motar. A wasu ma babu wayar makulli kwata-kwata, saƙo ne ke gaya wa rediyo ya tashi.

Duk wutar da aka jawo wa sabuwar na'ura kuma dole ta bi ta fis. Waya marar fis da ta goge da ƙarfe a bayan allon mota tana iya yin zafi har ta kama wuta, a wurin da babu mai gani sai hayaƙi ya fito. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif ma ba ya ɗorewa, domin zafi yana sakin gam ɗin.

Ƙarar da ke bin totur

Koke mafi yawa bayan an gama aiki shi ne wata siririyar ƙara da ke tashi idan an taka totur, ta sauka idan an saki. Daga altaneta take, wato injin da ke cajin batir.

Galibi tana bayyana ne idan ana cajin salula a ramin sigari alhali tana jone da AUX. A lokacin salular tana da hanya biyu zuwa jikin ƙarfen mota, ɗaya ta caja, ɗaya ta kebul ɗin sauti. Ɗan bambancin ƙarfin wuta da ke tsakanin wuraren biyu sai ya bi ta kebul ɗin, amfilifaya kuma ta ɗauke shi a matsayin sauti ta ƙara masa ƙarfi.

Gwajin ba shi da wuya: a zare cajar. Idan ƙarar ta ɗauke, an gano tushenta. Maganinta wata ƙaramar na'ura ce mai taransifoma biyu a ciki da ake sawa a tsakiyar kebul, wadda ke barin sauti ya wuce ba tare da wayoyin ɓangarorin biyu sun taɓa juna ba. Masu arha daga cikinsu sukan ɗan rage kaurin sauti. Caja mai inganci ma tana rage matsalar, haka nan ɗaure wayar ƙasa ta adafta a wuri ɗaya da ta rediyo.

Wani kuskuren shi ne ƙure sautin salula. A wasu wayoyin sauti yakan fara fashewa a ƙarshen ma'auni. An fi so a tsayar da shi wajen kashi uku cikin huɗu, a riƙa ƙarawa da ragewa a rediyo. Sai dai a tuna rage rediyon kafin a koma FM, don tashar takan fito da ƙarfi fiye da salular.

Salular da ita ma ba ta da kafa

A 2016 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da kafar iyafis ba, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu a manyan wayoyinsu, ko da yake wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa sun riƙe ta. Don haka mai mota yana iya gama wahalar sa AUX ya tarar salularsa ba ta da inda za a cusa kebul.

Wannan bai sa aikin ya tashi a banza ba. Akwai gajeren kebul da ke shiga ramin caji ya fito da kafar milimita 3.5. Wasu wayoyin suna buƙatar wanda ke da ƙaramin guntun lantarki a ciki mai mayar da bayanan dijital zuwa sauti, kuma marar shi ba zai yi musu aiki ba ko da ya shiga ramin daidai.

Akwai kuma ƙaramar na'urar Bluetooth da ake cusawa a kafar AUX, ta karɓi sauti daga salula ba waya. Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika, amma a cikin mota mai gudu, da ƙarar taya da ta iska, ba kowane kunne ne zai ji bambancin ba. Yawancinsu suna da makirfo na amsa kira, abin da ke rage ɗaukar salula a hannu, wanda laifi ne a dokokin hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ke aiwatarwa.

Wanda duk waɗannan hanyoyi suka gagare shi, sai ya sauya rediyon. Gurbin rediyo na bai-ɗaya faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50, mai ninki biyu kuma tsayinsa 100. Motocin da rediyonsu ya bi wannan ma'auni, irin su tsofaffin Golf da Corolla, sauyin ba ya ɗaukar lokaci. A waɗanda aka ƙera rediyon da siffar gaban motar kuwa, sai an sayi sabuwar fuska, da adaftar maɓallan sitiyari, da wata kuma ta amfilifayar asali idan motar mai tsarin JBL ce ko Bose, kuma kuɗin waɗannan kaɗai yakan haura na akwatin da ake jonawa a soket ɗin baya.